Itatuwan Bayan Katangar Jami'a

Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Na kira wayarki sau uku ba ki ɗauka ba, na kuma san halinki, shi ya sa na rubuto na ba direban ofis ya kawo miki.

Kamar yadda wataƙila kika ji, jami'a ta ɗora mini shugabancin Kwamitin Neman Gudummawa don Hidimar Al'umma, Ilimi da Kare Muhalli. Aiki ne babba. Za mu buga ɗan littafi mai hotuna mu raba wa masu hannu da shuni, sannan mu shirya musu liyafa a babban zaure. Sai dai da muka duba, ayyukan da za mu nuna ba su da yawa tukuna, yawancinsu suna matakin tsari.

A nan ne na tuna da ajinki na matan unguwa da kike koya wa karatu a bayan katangarmu, ƙarƙashin itatuwan da marigayi Baba ya dasa lokacin yana mai lambun jami'a. Tunda filin na jami'a ne, ana iya cewa ajin ma wani reshe ne na hidimarmu ga al'umma. Ina roƙon ki bari mai hotonmu ya zo ranar Alhamis. Amfanin abin na kowa ne, in sha Allahu.

Ki gaida mutanen gida.

Naki,
Dakta, Shugaban Kwamiti

Talata

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaida kawunsu da suka fara manta kamanninsa. Ba na ɗaukar wayarka ne don a waya kana magana kamar mai karanta labarai, in an gama kuma ba abin da mutum zai riƙe. Takarda ta fi, ko ba komai ta yi mana amfani a aji. Na ba ɗalibata Tela ta karanta wa sauran da ƙarfi. Da ta kai "matakin tsari" ta ɗago kai ta ce, "Malama, mene ne kuma wannan?" Mai Kitso da ke gefenta ta ce, "Ba su yi komai ba ke nan." Ka ga ajina na ci gaba.

Shekara tara ina zama a gindin itatuwan nan da allo ɗaya da mata ashirin da 'yan kai. Sau huɗu na rubuta wa jami'arku ina roƙon tsofaffin bencunan da kuke jibgewa bayan ɗakin karatu ruwa na dukansu. Sau ɗaya aka amsa mini, aka ce in cike fom, da na je kuma aka ce fom ya ƙare. Yau na wayi gari na zama reshe. Madalla. Kuma wai ni ka sa wa hannu da Dakta, Shugaban Kwamiti, ni da na goya ka har ka jiƙa mini baya ba sau ɗaya ba.

Amma ku zo ku ɗauki hotonku, bisa sharaɗi guda. Watan jiya na ga wasu da igiyar awo suna zagaya wurin, na tambaya, ɗaya ya ce ana tunanin yin wurin ajiye motoci. Itatuwa goma sha ɗaya ne, Auta: maɗaci bakwai, tsamiya uku, da mangwaron da ka faɗo daga kai ka karya haƙori. Shekara biyar Baba yana ɗebo musu ruwa da garwa bayan ya tashi daga aiki, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa. In kare muhallin naku da gaske ne, ka sa su a littafinka, a zagaye su da waya, a rubuta cewa ba mai taɓa su. Shi kaɗai nake so, bencin ma na yafe.

Allah ya yi maka jagora.

Yayarka

Laraba, bayan mako uku

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ji duk abin da kika ce, har da maganar goyo, wadda nake roƙo kada a karanta wa aji. Batun wurin ajiye motoci an janye shi, ni da kaina na tsaya a kai. Na yi miki alkawari, muddin ina kan kujerar nan ba motar da za a ajiye a wurin.

Ga kwafin littafin, ki duba shafi na shida. Ya yi tasiri fiye da yadda muka zata. Wani attajiri mai kamfanin fenti ya kira ni da kansa, ya ce hoton ya hana shi cin abincin rana. Ya ɗauki nauyin aikin gaba ɗaya, har ya ce zai tako da ƙafarsa ya ga wurin ranar Litinin ɗin da ke bin liyafa. Liyafar kuwa Asabar ɗin nan ce, ƙarfe goma na safe. An tanadar muku kujerun gaba, ke da ɗalibanki duka, kuma motar jami'a za ta zo ta kwashe ku.

A huta lafiya.

Ƙanenki

Alhamis

Auta,

Na amsa gaisuwa. Na ga shafi na shida, yanzu na gane abin da mai hotonku ya zo yi.

Yaron kirki ne a fuska, ya gaishe mu har da rusunawa. Ya dubi inuwa, ya dubi tabarminmu, ya ce haske bai yi masa ba. Ya tashe mu ya kai mu can kusurwa kusa da ramin shara, inda ko ciyawa ba ta fitowa, da tsakar rana. Ya ce mu zauna a ƙasa. Ya sa Mai Kitso ta cire agogonta, ya sa Tela ta ɓoye tabaraunta, ya juya wa itatuwan baya sannan ya ce, "Iyayena, don Allah kada ku yi dariya." Mai Kitso ta ce, "Ɗana, in ka bar mu a ranar nan minti biyar, kuka ma za ka samu kyauta." Muka yi ta dariya har ya fara fushi.

To ga mu a littafi, fuskoki a murtuke saboda rana, ƙasa tsirara a bayanmu. A ƙarƙashi an rubuta: "Waɗannan iyaye mata suna karatu a fako, ba su da inuwar ko ganye ɗaya. Taimaka mana mu dasa musu itatuwa." Na duba littafin daga bango zuwa bango, Auta. Akwai hoton shugabanku sau biyar, akwai naka kana riƙe da shebur kamar wanda aka ba ajiyar jariri, amma ko reshe ɗaya na itatuwan Baba babu.

Ban yi mamaki ba. Ku mutanen ofis in ba ku ga abu ya lalace ba, ba ku san yadda ake roƙo a kansa ba. Abin da nake jira shi ne Litinin. Mutumin da hotonmu ya hana cin abinci zai zo neman fako, ya tarar da inuwar da ta ishi mutum ɗari. Ina so in tsaya kusa da kai in ga da wane baki za ka yi masa bayani. Saboda haka za mu zo liyafarku, mu ci, mu ƙoshi, mu tara ƙarfin dariya.

Ka gaida matarka, ita ba ruwanta.

Yayarka

Juma'a

Yaya,

Gaisuwa. Kwamiti ya zauna a kan batun da kika ɗago, kuma an samu mafita. Kada ki damu kanki. Ku dai shirya da wuri, kada a bar kowa a baya.

Ƙanenki

Lahadi

Auta,

Gaisuwar da aka saba, don an koya mini ita tun kafin a haife ka.

Mun je liyafarka. An zaunar da mu a gaba, an ba kowace jaka mai tambarin jami'a. Awa biyar muna zaune. Shugabanku ya yi magana a kan wai itatuwa su ne huhun duniya, wani farfesa ya nuna mana hoton dajin wata ƙasa a bango, kai kuma ka hau mumbari ka ce kai ɗan mai lambu ne, a gindin itace ka girma. Muryarka har rawa take. Mai fenti ya share ido da hankici. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ce a raina ashe yaron bai manta ba. Sau biyu na tashi zan tafi, sau biyu wata mai kati a wuya ta mayar da ni ta ce saura karramawa. Aka kira ni, aka ba ni takardar yabo a cikin gilashi, aka tafa.

Motarku ta sauke mu a bakin layi wajen la'asar. Tela ce ta fara tsayawa. Ta ce, "Malama, direban nan ya ɓata hanya." Bai ɓata ba. Katangar ce, ramin sharar ne, amma sama a buɗe take tun daga nan har can. Warin ɗanyen itace ya cika unguwa. An yanke su daga ƙasa, duka goma sha ɗaya, an kwashe a manyan motoci, an kawo yashi an lulluɓe kututturan, har an bi da manjagara an daidaita. Maƙwabta suka ce tun motarmu ba ta sha kwana ba masu zarton inji suka sauka.

Ashe mafitar ke nan. Hoto ya yi ƙarya, sai aka gyara filin ya dace da hoton. Na daɗe ina raina aikinku, amma ban san rainin nawa bai kai ba. Ba don karramawa kuka kwashe mu ba, kun san in muna nan sai dai a yanka da mu. Na koma na karanta alkawarinka, na ga ashe motoci ka ambata, ba itatuwa ba. Karatunka bai tafi a banza ba.

Na yi kuka, kada ka ce ban faɗa maka ba. Ba na jana'izar Baba ba ne ya dawo, wani sabo ne, kuma kai ka jawo shi. Takardar yabonku tana wurin direba.

Yayarka

Alhamis, bayan kwana goma sha ɗaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya alƙalami. Wallahi ba shawarata ba ce. An ce in mutumin ya ga itatuwan zai ce mun yaudare shi, ya janye, kuma ɗakin karatun yara da rijiyar burtsatsen da ke cikin tsarin duk su tafi tare da shi. Da aka zo ɗaga hannu ban ɗaga ba. Ban dai hana ba, wannan na yarda. Tun ranar ba na bin ta bayan katanga.

An yi bikin dashe ranar Litinin, na lura ba ku zo ba. Mai fentin da baƙinsa sun dasa ƙananan itatuwa talatin, kowanne da ɗan allo mai sunan wanda ya dasa. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a riƙa aika masa hotonsu duk wata uku.

Ga inda matsalar take. A tsarin da muka rubuta an sa dashe, an sa alluna, an sa rumfar biki, amma ba a sa ban ruwa ba, ga shi damina da sauran watanni. An ce mini sun fara langaɓewa. Na san ba ni da bakin roƙonki, amma ko ɗalibanki za su riƙa zuba musu ko bokiti ɗaya ne? Za a rubuta shi a rahoto a matsayin gudummawar al'umma.

Ki yafe mini don Allah.

Autanki

Asabar

Dakta,

Wa'alaikumus salam. Tela ta ce wannan karon ba za ta karanta ba, sai na karanta da kaina.

Na je na ga dashenku. Ba ƙishi kaɗai ke kashe su ba. Na tona ɗaya da hannu, na tarar an binne shi da baƙar ledarsa, saiwa a ƙudundune a ciki. Na tona na biyu, haka. Duka talatin ɗin haka. Kana tsaye a wurin da lasifika a hannu. Kana ɗan shekara shida Baba ya ba ka reza ya ce, "Kafin komai, a yaga leda." Shi ne abu na farko da ya koya maka.

Mun yage su, mun sake dasawa da yamma. Ashirin da biyu za su yi rai in Allah ya so. Garwar Baba tana wurina, zan ba su ruwa, don su ba su yi mini komai ba. Kada ka sa ni a rahoto. Allunan sunayen suna cikin buhun da direba zai ba ka.

Masu zarto sun manta gungumen maɗaci ɗaya a bayan ramin shara, mun mirgino shi, mutum shida yake ɗauka. Ka gaya wa jami'a mun gode, bencin ya iso.

Bayan shekara ashirin ka turo mai hotonka.

'Yar mai lambu