Ƙanena ya gaya wa 'yar Babanmu ta Angola wai ni agola ne

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ƙanena Sani, uwa ɗaya uba ɗaya, ya cire ni daga cikin 'ya'yan ubanmu.

Mu mutanen garin Garuwa ne a Kamaru, fatauci ya kawo kakanninmu daga Kano. Zamanin shugaban ƙasa na farko, ɗan garin nan, lokacin jiragen ruwa na hawowa Binuwai ɗaukar auduga, Baba ya ɗaure kaya ya yi kudu, daga Kongo ya faɗa Angola, bai sake dawowa ba. Ni na riƙe masa buta har tasha, Sani yana goye. Ni aka cire daga lekol, wato makarantar boko, na koma dako a kasuwa don shi ya yi karatu, shi ya sa yau yake zuba Faransanci, ni kuwa sai kame-kame.

Ni ne ɗan fari, kuma kun san tsofaffinmu, balle mu da muke zaune cikin Fulani, uba ba ya kama sunan ɗan fari. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, daga "kai" sai "wancan". Ko kallona ba ya yi a gaban mutane, amma in ya sayo tsire ni yake fara turo wa ta hannun Inna.

Bara wata mata, Fatima, ta nemo mu ta waya daga Luanda, ashe 'yar Baba ce, can ya rasu. Tana ɗan jin Faransanci, sai ya zama Sani ne mai magana da ita. Ni kuma da furfurata na durƙusa koyon Fotugis wurin Matiyu, wani Kirista mutumin Mokolo da ya yi direba a Kabinda, can Angola. Pai uba, mãe uwa, irmã 'yar'uwa, ina ta maimaitawa a kan babur ɗin da nake acaɓa da shi har fasinjoji suna zaton na taɓu. Ranar da bakina ya iya "Eu sou o teu irmão mais velho", wato ni ne yayanki, na ɗauki murya na tura mata.

Ta amsa da dogon saƙo. Matiyu ya saurara, ya hau gyaran hula, sai da na matsa masa ya fassara. Wai ta gode da kirkina. Wai Baba har ya mutu sunan Sani kaɗai yake faɗa, in ya ce akwai wani babba sai ya kau da kai. Da ta tambayi Sani, sai ya ce mata ai da ni Inna ta shigo gidan. Kuma mutum ɗaya take iya ɗaukar nauyinsa ya zo ganin kabarin Baba, ta riga ta sa sunan Sani.

Inna a gidan Baba ta yi auren fari, a ɗakinsa ta mutu tana jiransa. Saboda kujerar jirgi ɗan nan ya ƙirƙiro mata wani miji. Tir!

Matiyu ya ce zai taya ni mu yi mata bayanin al'adarmu. To amma baiwar Allah nan murna take ta samu dangi, in ta gane ɗan'uwan da ta fara sani maƙaryaci ne ƙila ta yanke mu gaba ɗaya, kabarin ma a rasa mai zuwa yi masa addu'a daga gida. In kuma na yi shiru, ni da 'ya'yana mun zama bare a wurinta ke nan. Jama'a, in faɗa mata, ko in haɗiye?

Shi dai Sani na je na same shi a shagonsa, na ƙi zama kan kujerar da ya miƙo, na ce masa, "Sani, ka je, Allah ya kiyaye hanya. In ka tsaya a kan kabarin nan, ka maimaita masa abin da ka faɗa a kan matarsa. Kuma da Hausa za ka faɗa, yadda zai ji ka sosai."