A Dawo Mana da Muryar Inna Delu

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya buɗe mana shafukan rubutu a intanet,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ce Hajara, mai shagon atamfa a Kwamba, wadda ta riƙe shafin hira da tsofaffin Suleja a dandalinku.

Na farko, godiya. Da ma'aikatanku suka zo garin nan suka ce kowa zai samu shafinsa kyauta, ban yarda ba sai da na ga sunana a saman nawa. Na shiga zaga unguwannin Magajiya da Hashimi da wayata, ina ɗaukar hirar tsofaffi. Ranar da na ɗora waƙar niƙa ta Inna Delu, ƙanwar kakata, wayata ba ta huta ba! A motar Abuja na ji matar da ke gefena tana kunna ta, ba ta san ni ba ce na ɗauka. Wata baiwar Allah ta kira daga Fatakwal tana kuka, ta ce haka mahaifiyarta take rerawa. Ita kuwa Inna, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ce masa ta shiga waya.

Na biyu, ƙorafi. Daga baya talla ta cika shafukan har rubutu ba ya karantuwa, editocinku suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, saƙonninmu ba amsa. Wata safiya na buɗe shafina, fari fat. Ko sanarwa ba ku yi mana ba. Inna ta rasu gab da azumi, wayar da na yi ɗaukar da ita kuma an zare min ita a cikin keke napep. Muryarta ba ta rage ko'ina ba sai a wurinku.

Na uku, wanda shi ya sa na kasa zama. Makon jiya wani tsohon ma'aikacinku ya shigo saya wa matarsa atamfa, ya tabbatar min kamfanin ya durƙushe amma ba a goge komai ba, yana nan cikin na'urorinku har wa'adin hayarsu ya cika, sannan a goge. Ihun da na yi sai da maƙwabtan shago suka leƙo!

Don haka ina roƙo: ku dakatar da gogewar, ku ba kowane marubuci dama ya kwashe abin da ya ɗora, ku kuma fito ku yi mana bayani. Jikokin Inna sun riga sun ji labari, kullum suna tambayata yaushe za su sake jin ta.

Allah Ya musanya maka asarar kamfani da mafi alheri, Ya tsare iyalinka, Ya sa wannan alheri ya fito ta hannunka.

Wassalam.

Hajara,
Kwamba, Suleja.