Rigar da Emenike Ya Ɗinka Miki

Bakin kasuwa, Sabon Gari, Zariya
Afrilu, 2006

Jemimah tawa, wadda duniya ke kira Maman Edith, inuwar mangwarona da tsakar rana, ruwan randata bayan doguwar tafiya, yayyafin farko mai kwantar da zafin bazara,

Ina taya ki murnar samun sabon tela! Ranar Lahadi na ga ankon zumuntar mata da Emenike ya ɗinka miki, na tsaya a ƙofar coci na ce kai, an yi gwani a Samaru. Wace irin fasaha ce wannan, a ɗauki mace mai wuyan barewa a zuba ta cikin buhun masara? Hammata ta sauko har haƙarƙari, gaban rigar kuwa mutum biyu sa shiga su yi hira. Allah ya ƙara basira!

Ni ke ɗinka miki tun marigayi mijinki yana kawo atamfar da hannunsa. Kin sha dawo min da riga saboda faɗin yatsa ɗaya. Yau ke ce cikin buhu kina murmushi? Da farko na ɗauka wani ne ya sha gabana, abinci ya ƙi shiga. Na je shagon mutumin kamar mai neman zare, na ja shi da hira. Ashe ko tef ɗin awo ba ki bari ya ɗauko ba, tsohuwar rigar yayarki kika miƙa masa ya kwatanta. Nan na gane. Ba tela kika canza ba, hasken idona, awo kike gudu.

Na tsufa a kasuwa, na san yadda ake naɗe yadi a ɓoye inda ya yage. Gyale a kafaɗar hagu cikin wannan zafi? Ke da in kika buga tulu a waƙar zumunta har 'yan bayan coci sai sun miƙe, yanzu kin bar wa wata, hannunki manne da haƙarƙari. Ranar Asabar da nas-nas suka zo coci duba matan da suka manyanta, kin ce kin tafi ta'aziyya Kagoro. Labari ba ya wuce bakin shagona: a Dogarawa aka gan ki, ƙofar mai maganin shafawa. Na kira wayarki har kati ya ƙare, shi ya sa na koma ga biro.

Kin tuna Agustan bara, da ruwa ya tsare ki a shago, NEPA ta ɗauke wuta, muka raba gasasshiyar masara guda ɗaya? Kika dubi furfurata kika yi dariya, kika ce in Allah ya kai mu wata damina za ki zama tawa. Wayyo wannan dariya! Tun ranar nake taka keken ɗinki kamar saurayi. Ga damina a bakin ƙofa, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, ke kuma kina nisa da ni kamar wata a cikin rijiya, ina gani ba na taɓawa.

Kin san yadda matata Lovelyn ta tafi. Ita ma da gyale ta fara. Ciwon daji a nono, ta ɓoye shi har ya fashe. Likita a asibitin Shika ya ce da mun zo yana kamar ƙwayar gyaɗa, da akwai abin yi. Ni na ɗinka mata farar rigar da aka binne ta da ita, da hannun nan da ke rubuta miki. Ba zan ɗinka ta biyu ba, Jemimah, ba zan iya ba!

Ban ce shi ne ba. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, wani ma ruwa ne kawai. Amma mai maganin Dogarawa ba shi da na'urar gani, kuma tsoro ba ya rage komai sai lokaci. In tsoron wuƙa kike, ji ni da kyau: ko an cire ɗaya, ko an cire duka, ni tela ne, na san yadda zan sa riga ta zauna, kuma ba don su na so ki ba.

Ranar Alhamis da safe zan rufe shago, in zo ƙofar gidanki da Vespa, mu tafi Shika. In kin ce kin tafi wata ta'aziyyar, zan zauna a dakali har mai rasuwar ya gaji.

Naki da lafiya, naki da rashinta, har ranar da allura za ta faɗi daga hannuna,

Cornelius

Af, farin leshin aurenmu yana nan cikin akwati, ni kuwa ba na sa almakashi sai da awo. Za ki zo a auna, ko shi ma Emenike za a kai wa?