Baƙin Tabarau a Zauren Makoki

Zongo, Lome

Ƙanina Abdurrashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya sanyin Faransa, ya aiki? Da fatan kana lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai gajiya. Da hannu na rubuto na ba Hanane maƙwabciyarmu ta taho maka da ita, don na lura saƙon murya rabi kake saurara ka turo mini hoton babban yatsa.

Tabaraun da ka aiko wa Baba ya iso, kuma ba ƙaramin daɗi ya ji ba. Duk wanda ya shigo sai ya zare ya nuna masa, ya ce ɗansa na cikin masu binciken irin wannan gilashi. Har ya koma karatu da Alƙur'aninsa mai ƙananan baƙaƙe, wanda ya ajiye tun bara. Abu ɗaya ne ba ka gaya mana ba: gilashin yakan rikiɗe ya yi baƙi ƙirin in rana ta taɓa shi. Baba kuwa daga ɗaki sai masallaci, shi ma ta ƙarƙashin rumfa, shi ya sa babu wanda ya lura.

Alhaji Idrisu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ka san tare suka taso da Baba, tare suka yi fataucin goro, ka kuma san shekarun da suka kwashe ba sa ga-maciji tun saɓanin ginin masallaci. Da labari ya zo, Baba ya ture kwanon koko, ya sa na tsayar masa da zemijan, wato ɗan acaɓa, ya bi gawa har maƙabarta da tsakar rana. Daga can ya wuce zauren makoki, gilashinka bai washe ba. Haka ya miƙa wa 'ya'yan mamaci hannu da baƙin tabarau, sai ka ce saurayi mai shan iska a bakin teku. Shi bai sani ba. Ya ce dai ya ga zauren da duhu-duhu, ya ɗauka hawayensa ne.

Kafin la'asar magana ta zaga Zongo: wai ya zo ne ya ƙare wa gidan kallo, ya ɓoye busassun idanu. Ilyas, babban ɗan marigayi, ya aiko cewa kada Baba ya wahalar da kansa zuwa sadakar arba'in. Tun ranar Baba bai ƙara sa tabaraun ba, bai kuma ƙara cin abincin kirki ba.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare.

Yayarka,
Kulsum


Zongo, Lome

Abdurrashid,

Sallama da gaisuwa. Ya jikinka, ya murar da ka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta bayaninka kaf, na ƙwayoyin azurfa da ke cikin gilashi da hasken ranar da ido ba ya gani. Na kuma gane cewa aikinka duka a kan wannan jinkirin washewar yake, kuma kun kusa cin nasara. Madalla, Malam Dokta. Sai dai ban san a wane zaure zan tsaya in karanta wa dattawan Zongo wannan lacca ba.

Baba ya faɗa kwata a ƙofar gida, ya gurje gwiwa. Yanzu ni ce sandarsa. Na bar wa Nafissatou mai taya ni ciniki rumfar atamfa, ita kuma ka san ta, ciniki na wucewa tana kan waya. Wallahi na gaji, ƙanina. Bayana ciwo, kaina ciwo, ga shi in na miƙa masa tabaraun sai ya kau da kai kamar na miƙa masa garwashi. Ba makantar ke cinsa ba. Abin da ke cinsa shi ne iyalan Idrisu su tafi da cewa bai yi wa amininsa kuka ba.

Da na rasa dabara sai na ɗauki tabaraun na je wajen Hajiya Sakinatu, uwargidan marigayi, tana takaba. A tsakar gida na rufe ido ɗaya na tabaraun da bakin mayafina, na bar ɗayan a rana. Da na janye mayafin, ga ɗaya baƙi, ga ɗaya fari. Matan gida suka yi ta salati. Hajiya ta ce ta yarda, ta kuma gaya mini abin da ban iya kai wa Baba ba tukuna: har kwanciyarsa ta ƙarshe Alhaji yana tambaya ko Baba ya aiko a gaishe shi.

Ilyas kuwa ko kallon tabaraun bai yi ba. Ya ce ya san irinsa, a unguwar Totsi ma ana sayarwa. Shi dai abin da ya sani, mutumin da ya ƙaurace wa ubansa ya zo ta'aziyya, shi kuma bai ga idonsa ba. Na dawo gida, ban kuma ga laifinsa ba.

Ka sa mu a addu'a.

Yayarka,
Kulsum


Zongo, Lome

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Gajeriya ce, don hannuna ma ya gaji.

An yi sadakar arba'in. Daga ƙarshe na gaya wa Baba maganar Hajiya. Sai ya sa babbar riga ya ce in kai shi, ko ba a gayyace shi ba. Na ɗauko tabaraun, ya ce in mayar. Na riƙe hannunsa har ƙofar zaure, na laɓe daga gefe.

Ba ya gane fuska, sai ya bi layi yana lalubar hannun kowa yana ta'aziyya, hawaye na bin gemunsa. Ya kama hannun Ilyas bai san shi ba ne. Ya roƙe shi don Allah ya nuna masa inda Ilyas yake, yana so ya nemi yafiyar Idrisu a wajensa, tunda ya makara wajen mai ita. Ilyas ya miƙe ya ja Baba ya zaunar da shi a kan buzun mahaifinsa, shi ya zauna a ƙasa. Baba ne ya rufe addu'a, da ka.

Jiya ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Tabaraun yana sa shi a ɗaki ya yi karatu, in zai fita sai ya zare ya ajiye a kan Alƙur'ani, in kama hannunsa. Ya ce kada in gaya maka, kada ranka ya ɓaci, wai wahalarka ce ta shekaru.

To na gaya maka. Ka ci gaba da bincikenka, Allah ya ba da sa'a. Amma kafin nan ka aiko masa da farin gilashi na talakawa, wanda zai ga mutane, mutane su ma su gan shi.

Yayarka mai ƙaunarka,
Kulsum