Na Kai Shadda Inda Ba a Sa Riga

Bowie, 14 ga Yuni, 2011

Yaya Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da Hajiya da su Sailuba. Yaya ƙafar Hajiya? Ni lafiya lau, tuƙin tasi ba laifi, sai dai shaddar da ka aiko in gwada kasuwarta har yanzu tana bayan mota.

Wani dattijon Bature, fasinjana, ya yaba ɗinkina, ya ce in zo kulob ɗinsu ran Asabar, sun kai mutum ɗari. Ni ɗan kasuwar Kwari na ji mutum ɗari! Na zuba babbar riga, na kafa hula, na ɗauki shadda na tafi.

Yaya, innalillahi! Tsirara suke, haihuwar uwarsu. Likitoci, lauyoyi, har da wata tsohuwa tana gasa nama hankalinta kwance. Na rasa inda zan sa idona, sai na kafe shi a kan takalmina.

Dattijon ya ce ba iskanci ba ne. Wai tufa ce ke raba alƙali da mai shara, in an tuɓe kowa ɗan Adam ne, ba mai jin kunyar tumbinsa. Na ce mu ma mun san haka, amma ko a Arfa sai da ƙyalle biyu.

Ko yadi ɗaya ban sayar ba. Amma na lura dokarsu ce, ba a zama sai a kan tawul. Ka aiko min dozin goma masu kauri, a bakin ƙofa zan tsaya. Kada Hajiya ta ji inda za su.

Allah ya suturta mu duniya da lahira.

Ƙaninka,
Zulkifilu