Ka Yabi Miyar Kausar

Malam, maigidana, ruwan tuluna a tsakiyar bazara, farin goron da nake ɓoyo a bakin zane, tsohon zakaran da har yau cararsa ke tashe ni! Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, ka warware in har kana da wayon da kake taƙama da shi. Wace ce wagga baƙuwa a ɗakina, ba ta da haƙori, loma guda nake ba ta duk girki, ba ta godiya, ba ta ƙorafi, amma ranar da gida ya rasa ita ke ciyar da kowa? Riƙe ta a ranka. Ba ni gaya maka yanzu, don fushi nake.

Ina gajiya, ina fadama, ina gwiwar nan taka mai kuka kamar tsohon ƙyaure? Tun da ka saɓi fartanya ka koma Kwalkwalawa, wai za ka noma wa jikanmu Abdulshakur shinkafar rani, gidan nan na Ƙofar Dundaye ya yi mini faɗi kamar filin idi. Ban musa maka ba. Na san abin da yaron ke samu a lodin siminti a Kalambaina ba ya ganin ƙarshen wata, ga haya a Tudun Wada, ga yara biyu masu cin tuwo kamar ana korarsu. Na ce Allah ya yi albarka, na ɗaure maka tabarma da hannuna.

Amma Malam, a haka muka yi da kai? Lantana mai kitso ta zo ta fesa mini komai, har da kwaikwayon muryarka. Ran Juma'a ka shigo gari, ka wuce bakin layinmu kamar ba ka taɓa sanin inda ya nufa ba, ka zarce Tudun Wada da alayyafo da albasa. Ka zauna, ka miƙe ƙafa, ka ci tuwon matar jikanka, ka suɗe yatsu, sannan ka buɗe bakin nan da ban taɓa jin ya yabi tukunyata ba, ka ce duk Sakkwato ba ka ga mai tattali irin Kausar ba. Wai tana raba magi gida biyu. Wai da murfin kwalba take auna mai. Wayyo ni Hindu! Wa ya koya mata murfin kwalbar? Aljanu?

Ka manta daminar farko da aka kawo ni? Kana dukanci, fata ta ƙi bushewa, babu mai sayen takalmi, ɗakinmu yana yoyo ta kusurwa. Kan busasshen kifi guda na yi mana miya da shi yau, na tsame, na shanya, gobe ya koma tukunya. Ka shigo jiƙe sharkaf, ka ɓare goro ka ba ni rabin da ya fi girma, kuma wallahi daga ranar zuciyata ta zama taka kamar yadda gulbi yake na kifi. Ka ci ka ƙoshi, ka ɗaga hannu ka ce Allah ya ƙara wa mudun gidan nan albarka. Mudu, Malam! Mudu ka sa wa albarka, ina zaune a gabanka hayaƙi ya rine mini ido.

Ba na ƙin Kausar. Yarinyar kirki ce, ta iya gaisuwa, ta iya rufa wa mijinta asiri, ko da miyarta gishiri ya ɗan yi mata gardama. Yabon ne ya tsaya mini a wuya. Kuma ba ita kaɗai nake kishi ba. Ina kishin fadamar da ke ganin fuskarka da safe. Ina kishin sauron da ke maka waƙa a kunne. Har injin ban ruwan nan ina kishinsa, don in ya yi tari kana rugawa ka duba shi, ni kuwa na yi tari har na gaji, sai akuya ta amsa mini.

Ka dawo gida, hasken fitilata. Shekarunka sun wuce tsayuwa cikin taɓo, kuma in gwiwar nan ta kayar da kai a bakin gulbi, wa zan tsokana? Lawali ɗan ƙanenka ya iya ban ruwa, ka bar masa, a ba shi rabonsa in an girbe. Yaran ba za su kwana da yunwa kafin shinkafa ta nuna ba, wannan ni na ɗauka. Sharaɗina guda: nan za ka fara sauka. Zan tuƙa tuwo, in kaɗa kuka, ka ci, ka yaba da ƙarfi yadda Lantana za ta ji ta bayan katanga ta kai Tudun Wada.

Ni dai taka ce, ko ka yaba ko ka ƙi, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu, kuma ina roƙon Allah ya sa ni ce gaba.

Matarka mai fushi,
Hindu

Baƙuwar kuwa tsohuwar randa ce da ke bayan gadona. Duk abin da ka auno na girki, nakan rage hannu guda in zuba mata, tun ina amarya. Ta sha fitar da mu ba ka sani ba. Yanzu cike take da gero har wuya, na su Abdulshakur ne, kuma ba ta barin ɗakin nan sai kai ka zo.