Lakar da Inna Ta Shanya

Yaya Awaisu,

Ina gaida Inna da kowa a Gozaki. Nan Fatakwal lafiya, sai ƙarancin barci.

Saƙo ya iso, amma haba Yaya! Cewa na yi a yanko lakar fadamarmu da danshinta. A ɗakin gwaji nauyi muke ɗora mata, mu auna yadda take fitar da ruwa tana lotsawa, don a san ko za ta ɗauki gini. Wai Inna ta shanya ta tare da kuɓewa kar ta lalace a hanya, ta daka, har da tankaɗe! Me zan matse a busasshen gari? Aikin kammala karatuna ya tsaya, Sallar nan ba zan zo ba.

Ka sake yankowa, ka ɓoye a ɗakinka. Inna kuwa, ce mata kuɓewar ta yi daɗi.

Ƙanwarka,
Najiba